Sakan huɗu a kowace kilomita

Mutumin da aka ce zai tarbe mu a filin jirgin Nairobi bai zo ba. Muka tsaya a bakin ƙofar fita, ni da Manu, kowa da jakarsa, muna duba kwalayen da mutane suka ɗaga ko za mu ga sunanmu. Tun hantsi har la'asar. Lambar da dillalinmu ya ba mu a Abuja sau goma sha ɗaya na kira ta, ina yin ɗan layi a bayan tikitina duk kira ɗaya. Ba ta shiga ba ko sau ɗaya.

Manu ɗan Andarai ne ta ƙasar Maiyama, daga Fulanin da suka daɗe da zama a can. Ni Zayyanu, daga Jiga Birni ta Aliero, ina aji biyu a jami'a lokacin. Ba mu san juna ba sai a wata gasar gudu ta kilomita ashirin da ɗaya da aka yi a jiharmu. Ni na ja gaba tun daga farko har na hango tutar ƙarshe, sai na ji iska ta wuce ta kafaɗata ta dama. Manu ne. Ya zo na ɗaya, na zo na biyu. A nan dillalin ya same mu, ya ce zai kai mu sansanin masu gudun fanfalaki a Kenya na wata shida, ni kuma har da gurbin karatu a wata jami'a can. Da maganar karatun na shawo kan mahaifina, na dakatar da nawa na gida na shekara guda.

Manu ba ya jin Turanci. Hausa da Fulatanci ne kawai a bakinsa, don haka tun daga cikin jirgi na zama bakinsa da kunnensa. Malam yake ce mini, saboda littafin da ba ya rabuwa da hannuna.

"Malam, mi munka yi ma mutanen ga? Kowa shina wucewa kamar ba shi ga mutum."

"Ba su san mu ba ne."

"A Maiyama in baƙo yat tsaya haka tun hantsi, ai da an kawo mashi ruwa."

Wani direban tasi ya ga alamar baƙunci a jikinmu. Ya ce zai kai mu tashar motocin Eldoret, garin da aka ce sansanin yana kusa da shi, ya yi ta yawo da mu cikin gari. Wani dogon gini mai gilashi sau biyu na gan shi ta taga, amma kunya ta hana ni magana. Ya sauke mu a wani titin da babu tasha, ya karɓi abin da ya ga dama ya tafi. Wani dattijo Basomale da ke rufe shagonsa ne ya ji Manu yana salati, ya juyo ya yi mana sallama. Shi ya kai mu masallacin unguwarsu muka kwana, da safe ya taka da mu har tashar, ya yi wa kwandasta magana da harshensu, ya miƙa mana ayaba a leda. Ban tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yau.

Hanyar Eldoret hawa da gangara ce kawai. Motar ta bi gefen wani kwari mai zurfin da ban taɓa ganin irinsa ba, kunnuwana suka toshe. Ni ina kallon kwarin, Manu yana kallon shanu.

"Dubi, Malam. Shanun ga ba su da tozo. Wa yay yanke masu?"

A Eldoret na ce ya jira ni a tasha, na nemi jami'ar da sunanta ke kan takardata. Matar da ke ofishin ɗaukar ɗalibai ta karanta takardar a hankali, ta juya bayanta, ta kira wani ya duba. Ta ce tambarin ya yi kama da nasu, amma wanda ya sa hannu ba su taɓa samun mai wannan sunan ba. Ta ce ni ne na uku da ya zo da irinta. Ta ba ni kujera da shayi, ta ce in zauna har in ji dama. Na sha shayin duka don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da na koma tasha Manu ya tambaye ni, na ce sai wata mai zuwa za a fara karatu. Daga ranar gudu ne kaɗai ya rage mini a ƙasar nan.

Sansanin, shi dai gaskiya ne. Yana wani ƙauye a saman Eldoret, gida ne dogo mai ɗakuna takwas, ga gonakin masara, ga jan hanyoyi da suka bi ta ko'ina. Mai sansanin tsohon ɗan gudu ne, siriri, mai furfura, kowa Koci yake ce masa. Ya karɓe mu, ya ce shi ma dillalin ya daina ɗaukar wayarsa, amma tunda mun zo zai cika alkawarin wata shida. Sai ya faɗi abin da ya zauna mini a ƙirji har ƙarshen zamana. Bayan wata shidan, gado ɗaya ne zai iya riƙewa. Ɗayanmu zai zauna, ɗaya ya koma gida.

Na fassara wa Manu. Ya yi dariya.

"To ai da sauƙi. Mu kwana gado guda."

Satuttukan farko ni suka yi wa daɗi. Iskar wurin ba ta cika ƙirji, in ka hau ɗan tudu sai ka ji kamar an ɗaure ka da igiya, ga sanyin asuba da ke shiga har haƙori. Amma jikina ya saba da wuri. Tun ina sakandare nake gudu daga Jiga Birni zuwa bakin titin Jega in dawo, ni kaɗai, da gudu iri ɗaya daga fita har komawa. Manu kuwa ya sha wuya. Ya yi amai a bakin hanya, ya yi mura, ya ƙi cin tuwon masararsu da ganye don ya ce babu miya. Ran Alhamis, ranar dogon gudu, sai in dawo in yi wanka in zauna da littafina kafin ya shigo yana jan ƙafa. Ina yi masa sannu. A raina kuwa ina jin wani sanyi da ban so in duba ko mene ne ba.

A sati na shida Koci ya kai mu filin wata makaranta ran Talata, ya ce kowa zai yi zagaye ɗaya, mita ɗari huɗu, da iyakar ƙarfinsa. Na yi nawa a sakan sittin da ɗaya. Ba wanda ya waiwayo. Da aka zo kan Manu, ya cire takalmin da aka ba shi ya ajiye, ya tsaya ƙafa ba takalmi. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu haka a gabana ba. Kafaɗunsa ba sa motsi, kansa a tsaye, ƙafafun kamar ba su damu da ƙasa ba. Sakan hamsin da biyu. 'Yan Kenyan da ba sa yi mana magana sai gaisuwa suka zagaye shi suna buga masa baya. Ɗaya ya durƙusa ya taɓa ƙaurinsa yana dariya.

"Malam, mi suka cewa?"

"Sun ce ka yi ƙoƙari."

Sun faɗi fiye da haka. Wani ya ce da wannan ƙafar duk wanda ya shigo layin ƙarshe tare da shi ya haƙura. Ban fassara ba.

Daga ranar na kamu da ciwon mita ɗari huɗu. Duk inda na samu intanet sai in zauna ina kallon ƙarshen manyan gasanni, inda mutum biyu ke shigowa kafaɗa da kafaɗa bayan kilomita arba'in da biyu, ɗaya ya fizga ya bar ɗaya. Ina tsayar da hoton, ina mayarwa baya, ina ƙirga takunsu. A kowane ɗaya ni ne wanda aka bari. Na cika shafi goma sha huɗu da lissafi, na kai wa Koci wata rana bayan cin abinci. Sai da na yi kwana uku ina shirya tambayar a raina.

"Koci, nawa ne zafin gudun da mai fanfalaki yake buƙata? In mutum ba ya iya yin ƙasa da sakan sittin a zagaye ɗaya, zai iya kaiwa wani wuri?"

Bai karɓi littafin ba. Yana ɓare rake da wuƙa.

"Kana buƙatar wanda zai sa gudun gasa ya zama maka kamar ba ka fara ba. In kana da wannan, ya isa. Abin da kake kallo a waya, ai ƙarshen da ya yi daɗin kallo ne suke nuna maka. Yawancin gasa tun a kilomita talatin da biyar an gama ta. Wanda ya bar mutane a can, da wa zai yi tsere a layin ƙarshe?"

"Amma in an zo tare fa?"

"In an zo tare, wanda ya rage da wani abu a ƙafarsa shi ke ci. Na sha ganin mai hamsin da biyu ya zo wurin ba ya iya yin tamanin." Ya tofar da ɓawon raken. "Kai agogo ne, Zayyanu. Ka bar ƙafar wani, ka kula da taka."

Na rubuta maganarsa kalma da kalma, ban yarda da ko ɗaya ba. Na ɗauka irin abin da ake faɗa wa wanda ba shi da baiwa ne don kada ya karaya.

Akwai wani tudu a bayan sansanin, wajen gonar shayi. Bayan la'asar, lokacin da Koci ya ce kowa ya huta, sai in ce zan je shagon Abdi, wani Basomale da muke sallar Juma'a tare, in zagaya in hau tudun da iyakar gudu, sau goma, sau goma sha biyu. Na yi sati uku a haka. A rana ta ashirin da biyu na ji wani abu ya tsinke a bayan cinyata ta hagu, kamar an ja zare. Na rarrafo gida na ce rami na taka.

Kwana goma sha biyu ban yi gudu ba. Matar da ke mana girki, da kowa ke ce wa Mama, ta riƙa kawo mini shayi da citta har ɗaki, tana yi mini faɗa da Swahili, ina gane faɗan ko da ban gane kalmomin ba. Manu kuwa ya je wajen wani mai shanu a ƙauyen, da hannu da ido suka yi ciniki, ya dawo da man shanu a gwangwani. Safe da yamma yana murza mini cinyar, kamar yadda ya ce babansa ke yi wa sa in ya gurɗe.

"Wanga ba rami ba ne, Malam. Rami idon sawu shika kamawa."

Na ɗago kai na dube shi.

"Ban ce komi ba. Juya."

Da ya tona ni da na fi samun sauƙi. Yana murzawa ina kallon ƙaurinsa, siriri, dogo, duk tabon ƙaya, ina tambayar kaina me ya yi da aka ba shi. Bai san sunan jijiya ko ɗaya a jikinsa ba. Ni na san su duka.

A cikin kwanakin nan kewar gida ta same ni sosai. Na je shagon Abdi da sanda, na ga albasar da yake sayarwa, ƙanana kamar ƙwan zabo. Na ɗauki ɗaya na shinshina, sai ga gonarmu a gabana, lokacin cire albasa, an baza ta ja wur a ƙasa, manyan motoci sun yi layi a bakin titin Aliero. Abdi ya ga na daɗe a tsaye, ya ba ni ita kyauta. Da na kira gida mahaifina ya ce bana albasa ta yi kyau, hannu ne ya yi musu kaɗan. Sai ya ce, "Karatun hwa?" Na ce ana yi.

A wata na biyar Koci ya kira mu biyun. Ya ce akwai gasar fanfalaki a wani gari da ke bakin babban tafki, ƙasa ce mai zafi, 'yan Kenya ba sa son ta, mu kuwa zafi gidanmu ne. Manu zai shiga. Abin da yake so shi ne ya gama ƙasa da awa biyu da minti goma sha takwas. Ni kuma zan zama zomonsa.

Zomo shi ne wanda ake sawa a gaban ɗan gudu ya ja shi. Shi ke riƙe da agogo, shi ke tare iska, na bayansa ba ya tunanin komai sai bin diddigensa. In an kai inda aka ce, zomo ya sauka daga titi, ba lamba, ba suna. Koci ya ce minti uku da sakan goma sha biyar a kowace kilomita, har kilomita talatin, sannan in fita.

Da bakina na fassara wa Manu wannan. Fuskarsa ta washe.

"Kai za ka ja ni? To na huta. Agogon ga da sunka ba ni, in na dube shi sai numfashina shi rikice. Ni dai diddigenka."

Na fahimci abin yadda na fahimce shi. Koci ya riga ya zaɓa. In Manu ya yi lokacin, gadon nasa ne, ni kuma in koma Jiga Birni ba karatu ba gudu, in tsaya gaban mahaifina. Kuma ni ne zan ɗauke shi a bayana in kai shi. In kuwa bai yi lokacin ba, dole Koci ya waiwayo ya dubi wanda ya rage.

Ban yanke shawarar cikin fushi ba, shi ya sa ba ni da abin fakewa. Da biro na yi ta, a zaune. In na ja shi da sauri sosai, zai ji a jikinsa, kowa ma zai gani. In na rage sakan ɗaya ko biyu a kowace kilomita, ba zai yi masa komai ba. Na tsaya a kan huɗu. Sakan huɗu ba a jin su a kilomita ɗaya, amma sau talatin minti biyu ne cur, minti biyun da jikinsa bai shirya bayarwa ba. Za su fito daga abin da ya kamata ya rage masa a ƙarshe. Maganar Koci ce na yi aiki da ita, wadda na ce ban yarda da ita ba.

Garin bakin tafkin ya tarbe mu da zafi da ƙarnin kifi, kamar bakin gulbi a Jega ranar kasuwa. Manu ya buɗe hannuwa yana shaƙar iska.

"Yau ƙashina ya narke. Wata biyar ina cikin randa."

An tashe mu da sassafe, mutum ɗari da wani abu. Na shiga gaba, Manu ya manne a bayana, wasu mutum huɗu suka bi mu. Kilomita ta farko na duba agogo, uku da goma sha ɗaya. Ta biyu haka. Ta uku akwai ɗan hawa, na ƙara ƙarfi kaɗan don kada lissafin ya motsa. Ƙafata ta hagu ba ta ce komai ba. Ban taɓa jin jikina ya yi daidai irin na ranar ba, numfashina yana shiga yana fita kamar ina barci.

A kilomita ta goma sha biyu na ji muryarsa a bayan kunnena.

"Malam. Ba mu yi sauri ba?"

"Daidai muke."

Bai ƙara tambaya ba. A wajen ruwa na ashirin na ɗauko gora biyu na miƙa masa ɗaya ta baya ba tare da na juya ba. Na ji yatsunsa sun taɓa nawa, da zafi. Mutum huɗun nan biyu sun riga sun yanke. A ashirin da shida numfashinsa ya canja, ya fara fitowa da ɗan sauti a ƙarshe. Na ji. Kilomita huɗu suka rage mini, da na sassauta a nan da wataƙila ya farfaɗo. Na duba agogo, uku da goma sha ɗaya, na riƙe.

A alamar talatin na koma gefe na tsaya. Ya wuce ni, ya ɗaga hannu kaɗan bai juyo ba. Wata motar masu shirya gasar ta ɗauke ni zuwa wurin ƙarewa.

Na samu wuri a jikin igiya, mita ɗari biyu kafin layin. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Can sai ga Manu ya karyo kwana, shi ne na uku. Da ban san rigarsa ba da ban gane shi ba. Kansa ya koma baya, bakinsa a buɗe, ƙafafun nan suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar na wanda ke tafiya cikin laka. Wani ya zo ya wuce shi. Na ga ya yi yunƙurin fizga, na ga kafaɗunsa sun nemi abin da suka saba samu, babu. Wani ya wuce, wani ya wuce. Mutum biyar a cikin mita ɗari biyu, ɗaya ma dattijo ne mai sanƙo. Awa biyu da minti goma sha tara da sakan arba'in. Ya faɗi a bayan layin, aka ɗauke shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya zuwa rumfar likitoci.

Wata biyar ina son in ga an wuce Manu a ƙarshen gudu. Na gani, na ƙirga su.

Kwana biyu bayan mun koma sansani Koci ya aiko a kira mu da rana. Yana zaune a gindin bishiyar da ke tsakar gida, da takarda a cinyarsa. Ashe ranar gasar yana bayanmu a kan babur, yana danna nasa agogon a kowace alama. Ya miƙo mini takardar. Layi talatin, kusan duka lamba ɗaya.

"Na yi shekaru ina sa zomaye," ya ce da Turanci, a hankali. "Suna kuskure. Wanda ya yi kuskure, nan ya yi sauri, can ya yi jinkiri, ya tsorata ya gyara. Kai sau talatin ka yi kuskure iri ɗaya, har a kan hawa."

Manu yana tsaye a gefena yana kallon bakinmu.

"Ka san abin da ya sa na tsayar da kai a talatin? Cinyarka. Wanda ya ji ciwo a tudun shayi ba na ba shi arba'in da biyu sai na gwada shi. Taka gasar wata mai zuwa ce, ban zaɓi kowa ba tukuna." Ya karɓi takardarsa. "Ka yi talatin a uku da goma sha ɗaya, ka sauka kana gyara igiyar takalmi kamar wanda ya dawo daga shago. Abin da nake nema ke nan tun ranar da kuka zo. Zafin ƙafa, da ka bari, da na rage maka sakan biyu ko uku a zagaye, kuma sun ishe ka. Amma ba zan iya sa yaran mutane a bayanka ba. Manu zai zauna. Kai za ka tafi ran Litinin."

Ya nuna Manu da haɓa.

"Faɗa masa. Da harshenku. Ni ba zan san abin da ka ce ba."

Ya tashi ya shiga ciki ya bar mu.

Ina iya cewa komai. Ina iya cewa Koci ya ga ƙoƙarinsa ya zaɓe shi, kuma ba ƙarya ba ne. Wata biyar duk abin da Manu ya sani game da ƙasar nan ta bakina ya bi. Na dubi ƙasa na faɗa masa duka, da sakan huɗun, da biron, da abin da na ji a ashirin da shida. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da wani ba.

Ya zauna a kan tushen bishiyar da ƙyar, don har lokacin ƙafafunsa ba sa lanƙwasuwa.

"Na san muna sauri," ya ce. "Tun ta biyar na sani. Ni da nika bin shanu tun ina yaro, ban san saurin ƙahwata ba?"

"To me ya sa ka bi ni?"

"Na aza ka duba littahin nan naka ne ka ga ina iyawa. Nic ce, Malam ba shi kuskure. In yac ce daidai muke, to akwai abin da yag gani jikina da ni ban gani ba." Ya murza gwiwarsa. "Daɗi ma ni ji, wallahi. Har talatin daɗi nika ji."

Bai zage ni ba. Bai kuma ƙara ce mini Malam ba. Ran Litinin ya ɗauki jakata har bakin hanya, ya ba ni wani bargo da ya saya wa innarsa, ya ce in kai mata da hannuna. Ina cikin mota ina kallonsa yana komawa, yana ɗingishi kaɗan, sai na kama kaina ina yi masa hassadar wannan ma, yadda ya iya ɗaukar jakar.

Sati guda da dawowata na hau babur daga Aliero zuwa Maiyama, daga nan na shiga Andarai. Innarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura da nono mai yawa. Ta shafa bargon, ta tambayi sanyin ƙasar, ta tambaya ko yana cin abinci, ko akwai masallaci kusa. Na amsa duka. Ta ce a waya Manu ya sha gaya mata cewa ba don ni ba da ko ruwa bai iya roƙa a can. Ta yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin.

Da na tashi tafiya ta rako ni har bakin shinge. Sai ta tsaya, kamar yanzu abin ya zo mata.

"To ɗana, kai ga ka nan gida. Shi can wa ka yi mashi magana da mutane yanzu?"